Dabbobin da ke yin ƙwai, kuma su ba da nono

Yara, ga wani kacici-kacici. Bakinta na agwagwa ne. Jikinta duk gashi ne. Ƙafafunta huɗu. Tana yin ƙwai kamar kaza, amma tana shayar da ƴaƴanta nono kamar akuya. Mece ce?

Ranar da na yi wa ƴan aji biyar wannan tambaya a nan Badagishiri, sai aji ya fashe da dariya. Wata yarinya ta ce: «Malam, wannan ai tatsuniya ce.» Na buɗe littafi na nuna musu hotuna biyu. Dabba ta fari tana da baki mai faɗi. Ta biyu jikinta duk ƙaya. Na ce musu dukansu biyu suna ƙwai, kuma dukansu biyu suna ba da nono.

Da aka tashi, wani yaro ya kai labari gida. Kakansa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: «Kai abokina, yaushe ka fara ƙarya? Mai ƙwai ba ta nono, mai nono ba ta ƙwai. Tafi ka gaya wa malaminku ni na faɗa.»

Washegari yaron ya zo da kwando a rufe. Ya ce: «Malam, Kaka yana gaishe ku. Ya ce mai ƙayar nan ta cikin hotonku ga ta nan, bushiya ce. Ya ce shi ya sha ganin ƴaƴanta a ƙarƙashin kara, kuma bai taɓa ganin ƙwanta ba.»

To, wa ke da gaskiya, tsohon ko littafi? Mu bi maganar sannu a hankali.

Abin da muka sani a gida

Mu fara da dabbobin da muke gani kullum. Kaza tana ƙwai, ta yi kwanci kwana 21, sannan ta ƙyanƙyashe. Zabuwa tana kai kwana 26 zuwa 28. Agwagwa da tantabara da ƙadangare da guza da kunkuru, su ma ƙwai suke yi. Babu ɗaya daga cikinsu mai ba da nono.

Idan muka shiga kasuwar dabbobi ta garinmu, sai mu ga wani gida daban. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5. Saniya wata 9. Jaka wajen wata 12. Taguwa wajen wata 13. Duk haihuwa suke yi, duk suna da gashi, duk suna shayar da ƴaƴansu. Su ake kira dabbobi masu shayarwa. Mutum ma yana cikin wannan gida. A duniya akwai irinsu fiye da 6.000.

Yanzu ku lura da kyau. Mene ne ainihin alamar wannan gida? Wani zai ce haihuwa ce. To, ku tuna da kasa, macijiyar nan mai kauri. Kasa ba ta ajiye ƙwai, ƴaƴa take haifa da ransu. Amma ba ta da gashi, ba ta da nono. Ƴaƴanta suna fita, kowa ya kama gabansa. Ashe haihuwa kaɗai ba ta isa alama ba.

Wani kuma zai ce tafiya da ƙafa huɗu ce. To, ga jemage. Yana tashi sama kamar tsuntsu, amma jikinsa gashi ne irin na ɓera, ba gashin tsuntsu ba. Uwar jemage tana haihuwa, ɗan ya manne a ƙirjinta yana shan nono. Jemage ɗan gidan akuya ne, ba ɗan gidan kaza ba.

Alamu biyu ne ba su ƙarya: gashi da nono. Duk dabbar da ke da gashi a fatarta, kuma uwa tana ciyar da ɗa da nonon jikinta, mai shayarwa ce. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi nan gaba.

Ina suke zaune?

Ku dubi taswirar duniya. Ku sa yatsa a kan Nijar, ku yi gabas da kudu, ku ƙetare Afirka, ku ƙetare Tekun Indiya. Za ku iske wata babbar ƙasa da ruwa ya kewaye. Ita ce Ostaraliya. Girmanta ya kai na Nijar sau shida. A kudancinta akwai tsibirin Tasmaniya. A arewacinta akwai wani babban tsibiri, Niyu Gini. Kada ku haɗa shi da ƙasar Gine ta Konakiri, wadda ke nan Afirka ta Yamma.

A waɗannan wurare kaɗai ake samun dabbobi masu shayarwa da ke yin ƙwai. Irinsu biyar ne kawai suka rage a duniya: mai-bakin-agwagwa iri ɗaya, da ekidina iri huɗu. A darasin Faransanci za ku gamu da su da sunan ornithorynque da échidné. Masana sun haɗa su a gida guda, sun sa masa suna monotirem. Ma'anar kalmar ita ce mafita ɗaya, domin kashi da fitsari da ƙwai duk ta hanya guda suke fita, kamar yadda yake ga kaza.

Mai-bakin-agwagwa

Tana zaune a koguna da tabkunan gabashin Ostaraliya da Tasmaniya. Ba babba ba ce. Daga baki zuwa ƙarshen wutsiya wajen santimita 50 ne, nauyinta kilo 1 zuwa 2. Kyanwar gidanku ta fi ta nauyi.

Gashinta mai laushi ne, a cushe ƙwarai, har ruwa ba ya kai wa fata. Wutsiyarta mai faɗi ce, a ciki take ajiye kitse, kamar yadda raƙumi ke ajiye nasa a tozo. Tsakanin yatsunta akwai fata irin ta agwagwa, da ita take iyo. In ta fito tudu sai ta naɗe fatar nan, farata su fito, ta haƙa rami a gaɓar kogi.

Bakin nata bai da tauri kamar na agwagwa. Yana da taushi kamar fatar da aka jeme. Babba ba ta da haƙora. Abincinta tsutsotsi ne da ƙwarin ruwa da ƙananan jatan lande. Tana tara su a kumatu, ta taso saman ruwa, ta niƙe su da dasashi mai tauri.

Ga wani abin mamaki. Idan ta nitse, tana rufe ido, ta rufe kunne, ta rufe hanci. To, yaya take gane abincinta cikin laka? Duk abu mai rai, in ya motsa tsokarsa, wani ɗan lantarki kaɗan yana fita daga jikinsa. Mu ba mu jin sa. Amma a fatar bakin wannan dabba akwai ƙananan ramuka wajen 40.000 masu jin wannan lantarki. Tana kaɗa kai dama da hagu, har ta gano inda tsutsa ta ɓuya. Masunta sun san minjirya, kifin nan mai girgiza hannun wanda ya taɓa shi. Minjirya tana jefa lantarki ne. Mai-bakin-agwagwa kuwa saurarensa take yi.

Namijin yana da wata ƙaya a bayan kowace ƙafar baya, irin ta zakara, amma tasa da dafi. Dafin yana iya kashe kare. Ba a san ya kashe mutum ba, sai dai zafinsa yana daɗewa kwanaki, wani lokaci har makonni.

In lokacin ƙwai ya yi, macen tana haƙa dogon rami, wani ya kai mita 20. Ta shimfiɗa ɗanyen ganye a ƙurya, ta toshe hanya da ƙasa. Tana yin ƙwai ɗaya zuwa uku, galibi biyu. Kowane bai wuce girman ɗan magarya ba. Ɓawonsa bai fashewa kamar na kaza, yana lotsawa kamar ƙwan ƙadangare. Sai ta naɗe jikinta, ta rungume su tsakanin ciki da wutsiya. Bayan kwana 10 sai su ƙyanƙyashe. Ɗan yana fitowa kamar ƙwayar wake, ba gashi, ido a rufe.

A nan ne ta rabu da kaza. Ba ta fita da su tsince ba. Nono take ba su. Amma ba ta da hantsa irin ta akuya, ba ta da kan nono. Nonon yana tsattsafowa daga fatar cikinta kamar gumi, ya taru a gashi, ƴaƴan su lashe. Haka za su yi wata 3 zuwa 4 cikin rami kafin su fito su koyi iyo.

Ekidina da bushiya

Yanzu mu koma ga kwandon da aka kawo mana. Bushiyarmu da ekidina sun yi kama. Duk suna da ƙaya, duk suna dunƙulewa in sun ji tsoro. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ekidina ta fi bushiya girma. Mai gajeren baki, wadda ta cika Ostaraliya, tsawonta santimita 30 zuwa 45 ne, nauyinta kilo 2 zuwa 7. Bakinta siriri ne kamar tsinke, ba haƙori ko ɗaya. Harshenta mai yauƙi ne, yana kai santimita 18. Tana fasa suri da faratanta masu ƙarfi, ta zura harshe, gara da tururuwa su manne, ta haɗiye. In maƙiyi ya zo kuma ƙasa na da taushi, sai ta haƙa ta nitse nan take, ƙaya kaɗai za a gani. Sauran iri uku, masu dogon baki, suna cikin duwatsun Niyu Gini. Tana ce abincinsu.

Bushiya kuwa tana da haƙora. Tana fita da dare ta ci ƙwari da fara da tsutsotsi. Tana ɗaukar ciki wata guda da ƴan kwanaki, ta haifi ƴaƴa da dama, ta shayar da su da kan nono kamar kyanwa.

Ekidina ƙwai ɗaya tak take yi. Ba ta ajiye shi a ƙasa. A lokacin, wata ƴar jaka ta fata tana fitowa a cikinta, a nan ƙwan ke zama. Bayan kwana 10 ya ƙyanƙyashe. Ɗan yana zama cikin jakar yana shan nonon da ke tsattsafowa, har kusan wata biyu. Da ƙayarsa ta fara tsira, ta soma sukar uwa, sai ta fitar da shi ta sa a rami. Takan dawo bayan ƴan kwanaki ta shayar da shi, ta sake tafiya kiwo, har ya kai wajen wata 6 ko 7.

Akwai mai ƙaya ta uku da kuka sani, wato beguwa. Ita dangin ɓera ce da gafiya. Kun ga dabbobi uku masu ƙaya, amma kowace da gidanta. Ƙayar nan tasu duka gashi ne da ya yi kauri ya taurare.

Gardamar shekara 85

Kada ku yi wa kakan abokinku dariya. Manyan masanan Turai ma sun ƙi yarda.

A shekarar 1799, wani masani mai suna George Shaw, a babban gidan adana kayan tarihi na Landan, ya karɓi busasshiyar fatar mai-bakin-agwagwa daga Ostaraliya. A zamanin nan matuƙan jiragen ruwa sukan zo da kayan bogi. Akan ɗinke kan biri da jikin kifi a sayar wa mai kuɗi. Shaw ya yi zaton an ɗinka bakin agwagwa ne a jikin wata dabba. Ya duba fatar ciki da waje yana neman zare. Bai samu ba. Dole ya yarda dabba ce ta gaske.

Sai wata gardama ta tashi. Tsuntsu ce, ko dangin ƙadangare, ko mai shayarwa? A shekarar 1824, wani Bajamushe mai suna Meckel ya gano inda nono ke fitowa a jikin macen. Masana da yawa suka ce: tun da tana da nono, lalle haihuwa take yi. Maganarsu ɗaya da ta tsohon garinmu.

Alhali kuwa mutanen asali na Ostaraliya, waɗanda kakanninsu ke zaune can shekaru dubbai, sun daɗe suna gaya wa Turawa cewa dabbar nan ƙwai take yi. Su ne ke farauta a bakin kogunan, su ne suka san ramukan. Amma aka raina maganarsu don ba su yi karatun boko ba.

A shekarar 1884, wani saurayi masani daga Sikotilan, William Caldwell, ya kafa zango a bakin kogin Burnett, a jihar Kuwinsilan. Mutanen asali fiye da ɗari suka taya shi nema. A watan Agusta aka sami wata mace da ta riga ta yi ƙwai ɗaya, na biyu yana cikinta. Ya buga wayar tangaraho mai kalma huɗu kawai, aka karanta ta a taron masana a birnin Monreyal na Kanada. A cikin watan nan dai, wani masani mai suna Haacke ya sami ƙwai cikin jakar ekidina a birnin Adelaid. Gardama ta ƙare. Gani ya kori ji.

Amma an biya tsada. Domin wannan bincike an kashe ekidina fiye da dubu. Da an saurari masu ƙasa tun farko, an bi su sun nuna rami, da ba a ɓata shekaru da rayuka haka ba.

Daga baya masana sun tono ƙasusuwan dangin waɗannan dabbobi a Ostaraliya, masu shekara wajen miliyan 100. Suna cewa masu shayarwa na farko duk ƙwai suke yi, waɗannan biyar ne suka riƙe tsohuwar hanya.

Halin da suke ciki

Mutanen Ostaraliya suna alfahari da su. Tun shekarar 1966 hoton mai-bakin-agwagwa yana kan tsabar kuɗinsu ta santi 20, na ekidina yana kan ta santi 5. Da can ana kashe mai-bakin-agwagwa don fatarta, amma doka ta hana tun farkon ƙarni na 20.

Duk da haka ba ta tsira ba. Ita ba ta rayuwa sai da ruwan da ba ya ƙafewa. Ku dubi koramar Badagishiri: tana cika da damina, da rani sai yashi. A irin wannan wuri ba za ta iya zama ba. To, a ƙasarta ma fari yana ƙafar da koguna, kamar yadda ya faru daga 2017 zuwa 2019. Madatsun ruwa suna yanke mata hanya. Sare itatuwan gaɓa yana rusa ramukanta. Tarun masunta yana shaƙe ta. A shekarar 2016 aka sa ta cikin jerin dabbobin da suka kusa shiga haɗari.

Akwai kuma labari mai daɗi. Wani irin ekidina mai dogon baki, masana sun sami guda ɗaya a shekarar 1961, daga nan ba su ƙara ganin sa ba. Wasu suka ce ya ƙare. Mutanen ƙauyukan duwatsun Saikulof, a yammacin Niyu Gini, suka ce yana nan. A shekarar 2023 masu bincike suka hau duwatsun tare da mutanen wurin, suka ɗaura na'urorin ɗaukar hoto a jikin itatuwa. Na'ura ta ɗauko shi yana tafiyarsa cikin dare. Wannan karon an saurari masu ƙasa.

Amsar da muka aika wa Kaka

Mun buɗe kwando, kowa ya dubi bushiya ba tare da ya taɓa ta ba. Mun ga kunnuwanta, mun ga ɗan hancinta, mun kwatanta da hoto. Da yamma yaron ya mai da ita inda aka ɗauko ta, domin tana cinye ƙwarin da ke ɓarna a gona.

Muka aika wa tsohon cewa gaskiyarsa: bushiya haihuwa take yi. Duk faɗin Adar, duk faɗin Afirka, babu mai nono da ke yin ƙwai. Amma ta cikin hoto ba bushiya ba ce, kuma ƙasarsu ta wuce inda idonsa ya kai. Aka ce ya yi shiru, sannan ya ce: «To, duniya da faɗi take. Ka ce wa malam ya aiko min da hoton in gani da idona.» Muka aika masa.

Abin riƙewa

Ana gane mai shayarwa da gashi da nono, ba da haihuwa ba, ba da kamannin jiki ba. Masu shayarwa iri biyar suna yin ƙwai: mai-bakin-agwagwa da ekidina iri huɗu. A Ostaraliya da Tasmaniya da Niyu Gini kaɗai suke. Wanda ke zaune kusa da dabba ya san abin da na nesa bai sani ba, sai a tambaye shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu biyu ne ake gane mai shayarwa da su?
2. Me ya sa jemage ba tsuntsu ba ne? Me ya sa kasa ba mai shayarwa ba ce?
3. Yaya mai-bakin-agwagwa ke gane abincinta, alhali idonta a rufe?
4. Ku kawo bambanci uku tsakanin bushiya da ekidina.
5. Kwana nawa ne tsakanin kwancin kaza da na mai-bakin-agwagwa?
6. Daga 1799 zuwa 1884 shekara nawa ne? Daga 1961 zuwa 2023 fa?
7. A ina Kaka ya yi gaskiya, a ina ya yi kuskure?

Aiki

Ku ja layi biyu a littafinku, ku raba shafi gida uku. A gida na fari ku rubuta «ƙwai, ba nono». A na biyu «haihuwa da nono». A na uku «ƙwai da nono». Ku sa kowace dabba a gidanta: zabuwa, jaka, guza, jemage, ekidina, beguwa, kunkuru, bushiya, taguwa, mai-bakin-agwagwa. Sannan ku gwada sa kasa. Wane gida ya karɓe ta? Me za ku yi?

Yau da dare ku tambayi kakanku, ko wani maharbi, ko makiyayi: a ina bushiya ke haihuwa, kuma a wane lokaci na shekara aka fi ganin ta? Ku rubuta abin da ya faɗa muku yadda ya faɗe shi, ku zo da shi gobe mu karanta a aji.